Sarkin Nasara Mai Cin Gawayi

Shekara talatin da 'yan kai mutanen Wurno suna da tabbacin cewa sarkin Nasara gawayi yake ci. Ba a kasuwa aka ƙaga maganar ba, a littafi take, kuma littafin na Malam Lauwali ne, wanda ko tari ya yi a zaure sai ɗalibai su ɗauka akwai hikima a ciki. Shi ya rubuta cewa sarkin nasu gajere ne mai jar fuska, yana cin gawayi, yana shan ruwa randa-randa, hayaƙi na fita ta tsakar kansa, in ya yi kuka ana jinsa nisan Wurno da Rabah. Mata suna tsorata yara da shi, malamai suna kafa hujja da shi a wa'azi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa ƙarya ce, shi ne Malam Isa, kuma maganar ita ta ci shi.

Isa mutumin Rabah ne. Yana saurayi ya bi wani Banasare matafiyi yana kula masa da raƙuma har Tarabulus, daga nan ya tsallaka bahar ya yi wata bakwai a ƙasarsu. Duk abin da idonsa ya gani ya rubuta shi da ajami. Littattafan wancan zamani ba a ɗinke su, falle-falle ake jerawa a ɗaure a sa cikin gafaka, to haka kundin Isa yake. Bayan ya dawo ya yi aure ya zauna a Wurno, sai abokin karatunsa Lauwali ya ari kundin, wai na kwana uku. Wata shida bayan haka littafi ya fito da sunan Lauwali, da cewa ya tattara shi daga bakin amintattun alhazai. Isa ya je neman kayansa, Lauwali ya buɗe ido ya ce wane kundi?

Isa ya yi ta hayaniya. Ya ce an sace masa aiki kuma an lalata shi, ya ce sarkin nan mutum ne kamar kowa, shi ya gan shi. Lauwali bai yi gardama da shi ba. Shafi ɗaya kawai ya ƙara a ƙarshen littafin, inda ya gargaɗi Musulmi da wani Isa na Rabah, wanda ya ci abincin Nasara, ya bar salla wata bakwai, ga shi har yana kare sarkinsu, saboda haka ba a karɓar maganarsa. Shi ke nan. Ɗalibai suka watse, aka daina bin sa salla, aka daina kiransa suna da jana'iza. Ya kwashi matarsa Habi da ɗansu Halliru ya koma Goronyo yana noman albasa a fadama. Bai cika shekara biyu ba baƙin ciki ya kwantar da shi. Abin da Halliru ya riƙe daga jinyar nan, yana ɗan shekara bakwai, shi ne uban yana juyi a kan tabarma yana cewa da zai sami shaida ɗaya, ɗaya tak.

Halliru ya tashi da wannan magana a ƙirji. Ya yi karatu, hannunsa ya yi kyau, ya koma Wurno ya zama mai kwafar littattafai. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaida Malam Lauwali, shi kuma ya amsa da hanci, don ya san ko ɗan wane ne kuma durƙuson yana yi masa daɗi. Sau huɗu ana kawo wa Halliru littafin nan ya kwafa. Sau huɗu ya rubuta zagin ubansa da hannunsa, bai canza ko wasali ba, domin mai kwafa ba ya gyara abin da ba shi da hujjar gyarawa. Mutane suka ce yaron nan akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Ya tsani Lauwali tsanar da ko zuma ya sha yana tunaninsa sai ta yi masa ɗaci, jira kawai yake yi.

Shekarar da Nasara suka hauro ta kogi da takardunsu har suka iso Wurno, hankalin manya ya tashi. Su wane ne mutanen nan? Ƙasarsu ɗaya ce ko da yawa? Wa ya yaƙi wa a cikinsu, wa ya ci? Dattijo Ƙasimu, babban attajirin da malamai ke taruwa a zaurensa kowace Alhamis, ya ce yana son a sabunta littafin Malam Lauwali, a ƙara masa abin da aka sani tun daga lokacin. Malam ya tsufa, ƙafa ba ta zuwa ko'ina, sai aka ce Halliru ya yi yawon tattarowa. Lauwali da kansa ya sa masa albarka.

Halliru ya sa baduku ya yi masa gafaka biyu, ja da baƙa. Duk wanda ya zauna da shi, tambayar farko ɗaya ce: ka gani ko ka ji? In ya gani da idonsa, ko takarda ce da ta fito daga hannun wanda ya gani, ta shiga ja. In ji ya yi, sai ya faɗi daga wa, ta shiga baƙa. Cikin wata biyu baƙar gafaka ta kumbura kamar akuya mai ciki, jar kuwa tana nan shafal. A cikinta akwai wasiƙa biyu da wani falke ya samo daga Tarabulus, da wata yagaggiyar takardar Larabci ta bugun inji da aka naɗo turare da ita, mai labarin wani yaƙi tsakanin sarakunansu biyu, farko da ƙarshe duk sun yage. Masu ji kuwa ba a magana. Wani ya rantse cewa ƙanen matarsa ya san wanda ya ga hayaƙin. Halliru ya bi sawun maganar gida uku, ta ƙare a kan wani ladan da ya ji an karanta a littafin Malam Lauwali. Kowace igiya ya ja, can take kai shi.

A Rabah aka nuna masa Alhaji Atiku, tsoho mai raha wanda ya yi shekara tara a hanyar Makka ya biyo ta Masar. Halliru ya same shi da hantsi yana gyaran igiyar guga. Bayan sun gaisa, ya ce zai karanta masa siffar sarkin Nasara ya ji ko ya taɓa cin karo da labarin. Bai ma buɗe takarda ba, ya haddace ta. Yana zuwa kan gawayi sai tsohon ya saki igiyar ya kama ciki yana dariya.

"Tsaya, ɗana, tsaya. Koma baya kaɗan," in ji Alhaji Atiku.

Halliru ya koma: gajere ne, mai jar fuska, a kan farin doki.

"To, har nan mutum na. Ci gaba."

Yana cin gawayi, yana shan ruwa randa-randa.

"Daga nan kau ƙarhe na! Wanga ai abin hawa na, jirgin ƙasa. Ni na hau shi Masar da ƙahwahuna, ya kwashe mu awa iska, hayaƙinai har ya ɓata mani rawani. Wa ah haɗa mutum da ƙarhe haka?"

Halliru bai yi dariya ba. Shi mai kwafa ne, ya san abin da ke haɗa mutum da ƙarfe a tsakiyar magana. Falle ɗaya ne ya fita daga cikin kundi. Wanda ya tattara labari daga bakin alhazai ba zai yi wannan kuskure ba, sai wanda ya zauna yana kwafar rubutun wani, ya gama wannan falle ya ɗauki na gaba, bai san akwai na tsakiya ba, bai kuma san ƙasar da ake magana a kai ba balle hankalinsa ya tsaya. Ya rubuta maganar Alhaji Atiku ya sa a jar gafaka. Amma ya san wannan bai isa ba. Zai nuna Lauwali ya yi kuskure ne kawai, shi kuwa ɓarawo yake son nunawa.

Ya wuce Goronyo. Ya tarar da uwarsa Habi a tsakar gida tana tsinke lawashi, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba.

"Inna, cikin takardun Baba babu abin da yar rage? Ko ƙyalle?"

"Mi ar rage? Wancan azzalumi ya kwashe dut. Allah shi isam muna."

Ta dube shi, ta dubi layar da ke wuyansa, wata baƙar fata da gumi ya cinye tun yana yaro, sai ta yi murmushi.

"In ba wagga ba. Lokacin da kay yi ƙyanda kana shekara huɗu, ubanka ya tahi Rabah, ni kau na ga za ka mutu. Na buɗe gahwakatai na zaro takarda guda daga tsakiya, na ninke na kai ma baduku. Ai dut abin da ac cikin gahwakar malam sunan Allah na. Ga shi kau ka tashi. Ban taɓa gaya mai ba, tsoro nika ji shi ce na taɓa mai kaya."

Nan take Halliru ya gane inda fallen da ya ɓata yake. Ya ci tuwon da ta ba shi don kada ta gane, ya yi mata sallama, ya sauka bakin kogin Rima ya zauna ƙarƙashin wata tsamiya, rana tsaka. Kowa ya san ba a buɗe laya, an ce wanda ya buɗe ya zubar da tsarinsa. Ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya farke ɗinkin.

Takardar ta yi ja, ninkin ya kusa tsagewa, amma tawadar tana nan. Hannun ubansa ne. Layin farko ya ɗora daidai inda farin doki ya tsaya: mutane suna cire huluna in ya wuce, yana da tari, an ce shekara huɗu ke nan da ya gaji ubansa bayan tarzoma. Can tsakiya aka rubuta: ni Isa ɗan Mu'azu na Rabah na ga wannan da idona, ranar nan kuma na yi azahar a bayan ɗakin dawaki, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya nuna mini gabas da ƙaramar allurarsu. A ƙasan fallen aka fara wani zance: daga cikin abin mamakinsu akwai abin hawa na ƙarfe mai tafiya a kan sanduna biyu, shi wannan abu. Nan takardar ta ƙare.

Ya yi kuka a wurin, na baƙin ciki da na daɗi a haɗe. Da ya gama ya wanke fuska a kogi ya sa fallen a jar gafaka.

Ranar Alhamis zauren Ƙasimu ya cika har ƙofa, don an ji Halliru ya dawo. Ya sa an ɗauko Alhaji Atiku a kan jaki. Malam Lauwali yana kan buzu a gaba, da carbi da babban rawani. Halliru ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, har ya fi kullum ladabi.

"Allah shi gahwarta Malam, kowa nit tambaya sai ya gaya mani daga wa yaj ji. Saura kai. Zancen sarkin ga mai cin gawayi, daga wa?"

Lauwali ya gyara zama. "Alhazai ukku, amintattu. Dut sun riga mu gidan gaskiya."

"Da baki sunka gaya maka, ko rubutu kag gani?"

"Da baki. Ni nar rubuta da hannuna."

"Babu kundin kowa da kad duba?"

"Yaro, na ce maka babu. Jama'a shaida ta."

Abin da Halliru yake jira ke nan. Ya juya ya roƙi Alhaji Atiku ya faɗi abin da ya sani. Tsohon kuwa ya samu fage, ya kwatanta jirgin da hannu da baki, har da kukansa. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, sannan ta fashe. Lauwali ya ɗaga hannu ya ce to alhazan ne suka ruɗe, ɗan Adam ajizi ne, sai a gyara.

Halliru ya ce a gyara kam. Ya miƙa wa dattijo Ƙasimu littafin Lauwali ya roƙe shi ya karanta da kansa, ya tsaya a kan farin doki. Ƙasimu ya karanta ya tsaya. Halliru ya buɗe jar gafaka ya ɗauko fallen ya ɗora daga nan, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta. Da ya zo kan sunan ubansa sai ya ɗaga murya, da ya zo kan sallar azahar ya maimaita ta sau biyu. Ya kai ƙarshe, shi wannan abu, ya tsaya ya dubi Ƙasimu. Dattijon ya sunkuya kan littafin da ke hannunsa ya karanta abin da ya biyo: yana cin gawayi.

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Fallen ya zagaya hannu-hannu. Tsofaffi biyu da suka yi karatu da Isa suka gane rubutunsa, ɗaya har ya rufe fuska da hannun riga. Ƙasimu ya tambayi inda takardar ta fito, Halliru ya ɗaga farkakkiyar fatar ya ce daga wuyansa, tun yana shekara huɗu, tun kafin a ari kundin.

Aka watse ba a yi addu'ar tashi a bayan Lauwali ba. Da zauren ya rage su biyu sai tsohon ya jawo jiki ya kama gefen rigar Halliru.

"Ɗana, na tsuhwa. Kwana nawa ar rage mani? Ka mai da sunan ubanka bisa littahin, na yarda. Amma ka ruhwa mani asiri, kak ka rubuta nau."

Halliru ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa, ya tsufa ƙwarai. Ya nemi tausayi a zuciyarsa bai samu ba, kuma bai yi baƙin cikin rashin samu ba.

"Malam, sau ukku ubana yaz zo ƙoharka. Na ukkun ina bisa kahwaɗatai. Ka tuna mi kac ce?"

Lauwali ya ƙara riƙe rigar.

"Kac ce a share wurin da yat taka. Sake mani riga."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ƙasimu ya sa aka nemo duk kwafin da ke Wurno da Rabah, goma sha ɗaya aka samu. Halliru ya cire shafin zagin daga kowanne, ya kwafi fallen da ya ɓata ya mayar da shi inda ya fita, ya rubuta sunan Isa a farko. Ɗaliban Lauwali suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a Lauwali ya miƙa wa wani hannu a ƙofar masallaci, mutumin ya yi kamar yana gyara takalmi. Matan unguwa suka raɗa masa Malam Gawayi, sunan kuma ya zauna. Halliru yana ganin duk wannan, kuma gaskiya yana jin daɗinsa.

Saura shafin ƙarshe, inda zai bayyana yadda aka yi da kuma hanyar da kowace takarda ta bi ta iso hannunsa. Wannan ya bari sai ya je Goronyo, don akwai wadda ba ta ji ba tukuna. Ya so ya ɓoye mata rabin labarin. Amma labari ya riga shi isa, ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, ba ta aikin komai, abin da bai taɓa gani ba.

"An ce ka buɗe layar," in ji Habi. "Karanta mani mi ac ciki."

Ya zauna a gabanta ya karanta. Ta saurara har ƙarshe, ta sa ya sake karanta wurin sallar. Ta daɗe tana kallon ɗakin da mijinta ya yi jinya, wanda yanzu albasa ake shanyawa a ciki.

"Shaida guda shika nema," ta ce. "Kai kana zaune gun kainai kana mai hihhita, tana lilo ga wuyanka. Ni kau ina nan ina dama mai kunu."

"Inna, ba ki sani ba."

"Ban sani ba, amma na san na ɗauka, kuma ban hwaɗi ba." Ta share ido da bakin zane, muryarta ta dawo da ƙarfinta. "Ka rubuta sunan Lauwali?"

"Yanzu za ni rubutawa."

"Rubuta shi da tawada mai kauri, yadda ko jikokin jikokinai za su gani."

Ya buɗe tawada ya rubuta a gabanta, ya danna alƙalamin har ya kusa huda takardar. Ya ɗaga zai busa ta bushe, sai ta riƙe masa hannu.

"Ba ka gama ba. Kai kac ce kowace takarda sai an hwaɗi hannun da tab bi. Sa nau ƙarƙashin nashi."

Halliru ya roƙe ta, ta ƙi sakin hannunsa. Ya sake tsoma alƙalamin. Sunan ubansa ya rubuta sau goma sha ɗaya bai tsaya ba, na Lauwali ma haka, amma harafi uku na ajami na sunan Habi sai da ya tsaya sau biyu kafin ya gama su.